Noman Buhu Da Bokiti A Biranen Kudu: Ko Zai Rage Wa Magidanta Nauyin Cefane?

Alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da watan Yuni na shekarar 2024 sun nuna cewa matsakaicin farashin kilo ɗaya na tumatir a Nijeriya ya haura Naira 2,300, alhali kuwa a daidai wannan wata na shekarar 2023 bai cika Naira 550 ba. A kasuwar Mile 12 da ke Legas, wadda ita ce babbar matattarar kayan gwari a Kudu maso Yammacin ƙasar nan, sai da babban kwando ya wuce Naira 100,000. A wancan lokaci an ga matan aure suna markaɗa karas da kokwamba, wasu har da kankana, domin dai tukunya ta yi ja. A cikin wannan wata ne kuma hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 daga cikin 100.

Wannan tsada tana daga cikin dalilan da suka sa jama'a da dama a Legas da Badun da Abekuta da Benin da Fatakwal suka juya ga shuka kayan miya a cikin buhu da bokiti da yankakkiyar jarka. Duk wanda ya ratsa unguwannin waɗannan birane zai ga buhunan shinkafa da na siminti cike da ƙasa an jera su a gindin katanga, ko a baranda, ko bisa rufin bene, attarugu da alayyafo da kuɓewa suna leƙowa. Abin ba sabo ba ne, don kuwa tun fil'azal ba a rasa tsohuwar da ta dasa ɗoɗɗoya ko shuwaka a fasasshen daro a bayan ɗaki. Sabon abin shi ne yadda ma'aikatan ofis da malaman makaranta da 'yan fansho suka shiga ciki da lissafi, suna sa ran abin da suka shuka zai rage masu kuɗin cefane. To, lissafin ne ya kamata a duba da kyau, domin ba kowane iri ne yake mayar da kuɗin da aka kashe masa ba.

Kafin nan, yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa kayan miya suke wahalar da mazauna Kudu. Galibin tumatir da tattasai da albasar da ake ci a Legas ana noma su ne a lambunan rani na Arewa, irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano, da Danja a Jihar Katsina, da kewayen Zariya, da kuma tsaunukan Filato. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma ana yin ta ne da kaya a cikin kwanduna an ɗora wani bisa wani, a motocin da ba su da na'urar sanyaya kaya. Na ƙasa ya matse, na sama rana ta dafa shi. Masu nazarin harkar sun daɗe suna ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 daga cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa ne tsakanin gona da tukunya, kuma mai saye a ƙarshen hanya shi ne yake biyan kuɗin wanda ya ruɓe.

Bugu da ƙari, duk abin da ya taɓa wannan doguwar hanya sai ya taɓa miyar Kudu. A shekarar 2016 tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata suna sharon, ta cinye gonakin tumatir har sai da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan amfanin, masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Tsutsar ta sake dawowa a shekarun baya-bayan nan. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a Arewa kuwa tumatir yana ruɓewa a hannun manoma. Sannan aka zo ga janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ƙara tsadar sufuri da ta ban-ruwa, tun da injinan da ake jawo ruwa da su a fadama da fetur suke aiki.

Hukuma ma ta sa baki. A shekarar 2024 uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta jagoranci gasar da ke kira ga kowane gida ya mallaki lambu, tare da kyautar kuɗi ga wadda ta yi fice. Waɗanda suka manyanta za su tuna cewa an taɓa jin irin wannan kira a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, wato OFN, inda aka buƙaci makarantu da barikoki da ma'aikata su noma duk wani fili da ke kusa da su. Bambancin da ke akwai shi ne, a wancan zamani gidajen ma'aikata suna da bayan gida mai ƙasa. A yau kuwa mafi yawan mazauna Legas 'yan haya ne, tsakar gidan ma an malale ta da siminti. Wanda ba shi da ƙasar da zai sara, dole ya ɗauko ƙasar ya zuba a wani mazubi.

Tsarin buhun da aka fi koyarwa a yanzu ya yi suna ne a unguwar Kibera da ke birnin Nairobi na ƙasar Kenya, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa mafiya cunkoso a Afirka. Bayan rikicin zaɓen da aka yi a can a ƙarshen 2007 da farkon 2008, abinci ya yi tsada, sai wata ƙungiyar agaji ta Faransa mai suna Solidarités ta shiga raba wa mazauna unguwar dashe tana koya masu noman buhu. Yadda ake yi ba shi da wuya. Ana samun gwangwani babba a fasa gindinsa, a tsayar da shi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, sannan a zuba ƙasar da aka cakuɗa da taki a kewayensa. Sai a ja gwangwanin sama a sake cikawa, a yi ta yin haka har buhu ya cika. Abin da za a samu shi ne ginshiƙin tsakuwa daga sama har ƙasa, wanda idan an zuba ruwa a kansa zai rarraba shi ko'ina, maimakon ya tsaya a sama ko ya taru a gindi. Daga nan sai a huda jikin buhun, tazarar kamar taƙi guda tsakanin huda da huda, a soka dashe a kowace. Da haka babban buhu guda, wanda bai ci filin da ya wuce na tabarmar salla ba, yakan ɗauki dashe talatin zuwa arba'in.

Sai dai akwai abin lura a nan wanda masu kwaikwayo sukan tsallake. Mutanen Kibera ganye suka shuka, musamman wani dangin kabeji da suke kira sukuma wiki, da kuma alayyafon Turawa. Sun zaɓi ganye ne domin shi ake tsinka yau a dawo a tsinka mako mai zuwa, saiwarsa ba ta neman zurfi, kuma yana jure wa inuwa fiye da duk wani abu mai 'ya'ya.

Haka abin yake a nan gida. Alayyafo, wanda Yarabawa ke kira tete, yakan isa yanka cikin mako huɗu zuwa shida da shuka, kuma idan aka yanke shi sama da gindi zai sake tofowa sau biyu ko uku. Lalo, wato ewedu da ake cin amala da shi, bai fi haka daɗewa ba sosai. Ganyen gbure ba ya ma buƙatar iri, reshensa ake karya a soka. Ugu, wanda ya fi kowane ganye daraja a kasuwannin Kudu maso Gabas, yana son babban mazubi da abin da zai hau, amma da zarar ya kama ana iya wata da watanni ana tsinkarsa. Shuwaka da ɗoɗɗoya kuwa shekaru suke yi. Ga Hausawa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, akwai ƙarin riba a yakuwa da rama da lawashi, waɗanda ba kullum ake samun ɗanyensu a kasuwar unguwa ba. Ganye shi ne ya fi saurin yaushi bayan an cire shi, saboda haka wanda ya tsinko nasa daga baranda ya samu abin da ko mai kuɗi ba zai saya a kasuwa ba. Attarugu ma yana cikin masu biyan wahala, don tushe guda a bokiti yana iya haura shekara yana ba da 'ya'ya, kuma kaɗan ake buƙata a kowace tukunya.

Tumatir fa, wanda tsadarsa ce ta jawo mutane? A nan lissafin ya sha bamban. Tushen tumatir guda yana buƙatar mazubi mai cin kimanin lita 20, da rana ta awa shida zuwa takwas a kullum, da sandar da za a ɗaure shi. Idan ya fara 'ya'ya a lokacin zafi yakan sha lita ɗaya zuwa biyu a rana, kuma ƙasar bokiti ba ta da ajiyar laima irin ta gona: aka yi kwana biyu ba a ba shi ruwa ba, fure ya zube, 'ya'yan da suka ɗaura kuma gindinsu ya yi baƙi. A ɗauka magidanci ya jera bokiti goma, kowanne yana shan lita biyu. Lita 20 ke nan a rana, wato lita 1,800 a cikin wata uku, ko kuma jarka 72 ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. A ɗauka kuma kowane tushe ya ba shi kilo biyu, wanda ga sabon shiga ba ƙaramin abu ba ne. Ya samu kilo 20. A farashin Yunin 2024 wannan ya kai kimanin Naira 46,000, kuma ko shakka babu an ci riba. Amma idan girbin ya faɗo a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da motocin Arewa suke layi a Mile 12 ana neman kai da kaya, to kuɗin ruwa kaɗai yana iya cinye darajar abin da aka tsinka, ba a ma zo kan kuɗin iri da taki da bokitin ba. Wanda yake da rijiyar burtsatse a gida lissafinsa daban ne da na wanda yake sayen kowace jarka.

Duk da haka, akwai wata fa'ida ta gaskiya da mazubi yake ba manomin tumatir a Kudu. Abin da ya hana tumatir yin albarka a wannan yanki ba rashin fili kaɗai ba ne. Ƙasar kanta tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa tushe ya yi yaushi farat ɗaya yana kore shar ya mutu, ga kuma ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Idan waɗannan suka kama gona, sukan yi shekaru ba su bar ta ba. Mai bokiti kuwa shi yake zaɓar ƙasarsa. Yana iya gasa ta a rabin ganga, ko ya jiƙa ta ya rufe da leda a rana na wasu makonni kafin ya shuka, kuma idan bokiti guda ya kamu sai ya ɗauke shi ya zubar, sauran su tsira. Haɗin da aka saba bayarwa shi ne baƙar ƙasa ta sama, da ruɓaɓɓen taki, da wani abu mai sa ta yi sakayau kamar ɓuntun shinkafa ko yashi. Kashin kaji, wanda ake samu a wadace a gonakin kaji na Ogun da Oyo, taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa ƙona saiwa yake yi. Sai an tara shi ya yi makonni ya huce. Kuma kada a manta da huda gindin bokiti, domin yawan ruwa ya fi ƙishirwa saurin kashe shuka.

Zaɓen iri shi ma yana da muhimmanci. Irin Roma VF da UC82B da aka saba da su a lambunan rani na Arewa ba su cika jure laimar Kudu ba. Kamfanonin iri suna sayar da waɗanda aka yi wa aure domin yanayi mai zafi da ruwa, irin su Cobra da Platinum, sai dai suna da tsada, kuma idan aka ajiye ƙwayarsu aka sake shukawa ba za su fito kamar iyayensu ba. Wannan ne kuskuren da mutane da yawa suke yi: su matse tumatirin da suka saya a kasuwa su shuka ƙwayarsa, su yi wata uku suna ban-ruwa, a ƙarshe su tashi da ganye. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, wadda aka kafa a Badun a 1975, ita ce hukumar da alhakin bincike a kan irin waɗannan amfani ya rataya a wuyanta, kuma mazauna wannan yanki suna da damar neman shawara a can.

Akwai kuma haɗurran da ba a cika ambata ba a lokacin da ake kwaɗaita wa jama'a wannan noma. Ba kowane mazubi ne ya dace da abinci ba. Gangar da aka taɓa zuba sinadari ko baƙin mai a ciki, da bokitin fenti da ba a wanke ba, ba wurin shuka abin da yara za su ci ba ne. Haka nan ƙasar da aka kwaso daga bola ko daga gefen garejin makanikai tana iya ɗauke da dalma daga tsofaffin batura, kuma ganye yana zuƙar irin wannan. Ruwan kwata yana kawo cututtukan ciki, musamman ga abin da ake ci ɗanye kamar latas. A wasu unguwannin Legas da ke bakin teku ruwan rijiya yana da gishiri, wanda yake taruwa a mazubi sannu a hankali har ya kashe shuka. Sai kuma batun nauyi. Buhun shinkafa mai cin kilo 50 idan aka cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kusa nauyin buhun siminti biyu, don haka wanda ya jera ashirin a baranda ya ɗora wa ginin kusan tan biyu. A birnin da rushewar benaye ta zama ruwan dare, wannan ba abin wasa ba ne, kuma mai gidan hayan da ya hana ba lallai ne mugunta ta sa shi ba. Shi kansa buhun rana tana cinye shi, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bai yage ba.

Ta fuskar kasuwanci, waɗanda suka fi saurin ganin kuɗi a wannan harka su ne masu sayar wa manoman kayan aiki. Masu sayar da furanni a gefen titi sun ƙara da dashen attarugu da tumatir. Akwai masu haɗa ƙasa da taki su ɗura a buhu su kai har gida, akwai masu tara tsofaffin buhuna da jarkoki, ga kuma masu shirya horo a intanet suna karɓar kuɗin rajista. Wasunsu sun san aikin, wasu kuwa alkawarin da suke yi ya fi ƙarfin buhu. Noman doya a buhu, wanda ya yaɗu ƙwarai a Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu, yana yiwuwa, kuma haƙo ta ba ya wuce a farke buhu. Amma tushe guda ne a kowane buhu, ana jiran wata bakwai zuwa tara, don haka ribarsa tana ga mai fili da zai jera ɗaruruwa. Can sama da waɗannan akwai masu noman zamani a rumfunan leda, inda ake shuka a jakunkuna cike da ɓawon kwakwa ko ɓuntu, ana ba shuka abinci ta cikin ruwa. Gonar Soilless Farm Lab ta Samson Ogbole a Jihar Ogun ta yi suna wajen horar da matasa wannan fanni. Wannan kam sana'a ce mai buƙatar jari, kasuwarta kuma manyan kantuna ne da otal-otal.

Shin duk wannan zai rage cinikin 'yan gwarin Mile 12? Babu alamar haka. Birnin da ke da mutane fiye da miliyan goma sha biyar ba za a ciyar da shi da tumatirin baranda ba, albasa kuwa ko kusa, domin yanayin Kudu bai karɓe ta ba. Inda abin zai iya taɓawa shi ne kasuwar ganye, wadda dama a cikin birni da kewayensa ake noma ta. Shekaru da dama ke nan 'yan lambu, da yawansu Hausawa 'yan ci-rani, suke noma latas da lawashi da alayyafo a filayen da ba a gina ba a wajajen Ojo da hanyar Iba. Ba su da takardar mallakar waɗannan filaye, kuma duk ranar da mai wuri ya tashi gini sai su kwashe. Su ne suka fi kowa sanin renon iri da dashe da ban-ruwa, kuma lambun da ke cikin buhu ana iya ɗora shi a mota a sauya masa wuri. Idan da shirye-shiryen hukuma za su waiwaye su, da an samu malamai a araha.

Ƙasar Kuba ta nuna abin da hukuma za ta iya yi a wannan fanni. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, man fetur da takin zamani suka yanke mata, sai birnin Habana ya koma noma kayan lambu a dogayen kwamaye da aka kewaye da bulo aka cika da ƙasa da takin gargajiya. Gwamnati ta ba da filaye, ta buɗe shagunan sayar da iri da ba da shawara a unguwanni, ta kuma tura malaman gona cikin birni. Hakan bai magance matsalar abinci ta ƙasar ba, amma ya wadata birnin da ganye na tsawon shekaru. A Nijeriya malaman gona sun yi ƙaranci ko a karkara, balle a ce wani zai hau bene na uku ya duba dalilin da ya sa ganyen attarugu yake nannaɗewa. Gasa da kyauta suna jawo hankali, amma uwargidan da shukarta ta mutu sau biyu ba tare da ta san dalili ba, da wuya ta gwada na uku.

Ga wanda ya dage sai ya noma tumatir, abin da zai raba riba da hasara shi ne lokaci. Tumatir yana tsada ne daga wajajen watan Afrilu zuwa Agusta, sa'ad da girbin rani ya ƙare a Arewa, na damina kuma bai iso ba. A daidai wannan lokaci ne ruwan sama yake sauka a Kudu, wanda za a iya tara a ganga a huta da sayen jarka, muddin an sa bokitan a ƙarƙashin rumfar leda ko inda ruwa ba zai yi ta dukan ganye ya jawo masa cuta ba. Renon iri yana cin mako uku zuwa huɗu, daga dashe zuwa fara tsinka kuma wata biyu zuwa biyu da rabi. Ke nan mai son ya ci nasa a watan Yuni sai ya zuba iri tun a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, wato a makonnin da tumatir yake arha a Mile 12.